Kan Ragon Ungozoma

Na koma aji bayan na daɗe ina aikin jinya, a shekarun da gwiwata ta fara sanar da ni zuwan hadari tun kafin gidan rediyo. Karatun ungozoma ne, irin wanda ake yi wa waɗanda suka riga suka zama nas. Aka ba ni hutun karatu, na ajiye ɗamarar da ke nuna girmana a asibiti, aka nuna mini kujera mai haɗe da teburi wadda aka ƙera domin 'yan mata marasa ƙugu. A ɗakin jinyar maza, inda na fito, in na yi gyaran murya har ƙananan likitoci kan gyara tsayuwa. A nan kuwa sai na ɗaga hannu kafin in zaga bayi.

Ranar tantancewa an tambaye ni dalilina, na ba da amsar da ake so. Na ce matan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, suna shan wuya a ɗakin haihuwa saboda babu mai jin harshensu. Ba ƙarya na yi ba. An sha aikowa a kira ni daga wajen tsofaffin majinyatana in zo in yi tafinta, in tarar da wata yarinya da aka kawo amarya daga Nijar, ana daka mata tsawa da harshen Twi na 'yan ƙasa, a maimaita da Turanci, kamar ƙarfin murya zai koya mata harshen kafin ɗan ya fito. Amma akwai dalilin da ban faɗa wa masu tantancewa ba, domin ba shi da kyan faɗi a gaban teburi. Mutum ɗaya ce, ƙawata.

Gida ɗaya muka tashi a unguwar Nima, gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, rigima kuwa ta ishi unguwa. Ƙofarsu tana kallon tamu. Ni aka sa ni boko, ita ta gaji tukunyar kokon uwarta da kaskon ƙosai. Ta auri direban babbar mota mai kawo albasa kasuwar Agbogbloshie, ya kama ɗaki a cikin gidan, uwarsa Hajiya ta biyo shi. Ni na yi aure a unguwar New Town, na zauna shekaru ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, aka sallame ni cikin mutunci, na dawo ɗakin uwata da akwatunana. Ranar da na dawo ita ta share mini ɗakin, ba ta tambaye ni komai ba. 'Ya'yanta uku a bayana suka yi wayo. Kowace la'asar in na taso aiki nakan zauna bakin murhunta ina taya ta surfen wake, muna yi da mutanen gida ɗaki bayan ɗaki. Wannan zaman shi ne abin da na mallaka a duniya. In aka cire shi, saura littattafai da kayan aiki a rataye.

Ita ta fara kawo maganar, hannunta cikin ruwan wake.

"Ƙawa, ke kullum sai wankin tsofaffin maza? Ki je ki koyo karɓar haihuwa mana. Madam ɗin da ta karɓi autana, mari ta yi ta ɗirka mini a cinya, wai in buɗe, in buɗe. Na ce baiwar Allah, da ƙofa ce ai da na miƙa miki makulli."

Na ce, "Ke da kika rufe shago, wa zan karɓa?"

"Wa ya ce miki na rufe? Direba yana dawowa gida, ba albasa kaɗai yake saukewa ba. Ki je kawai, ni zan yi miki cikin gwaji."

Muka yi dariya har Hajiya ta leƙo ta taga. A kan wannan na tafi.

Malamarmu tsohuwa ce 'yar ƙabilar Fanti, siririya, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ta karɓi haihuwar rabin birnin nan, kuma a fuskarta ba ka ganin alamar ta gamsu da yadda suka girma. Kayan aikinta ƙashin ƙugu ne na roba, da 'yar tsana mai taushin kai, da mabiyiya da aka saƙa da jan ulu. Akwai kuma matar roba da ke kwance a kan gado a ƙarshen aji. Ba ta da kai, ƙafafunta sun tsaya a gwiwa, tana haihuwa sau da yawa kafin azahar ba ta ce uffan ba. Da surukan Zango sun gan ta, da sun nema wa 'ya'yansu aurenta.

A jikinta muka koyi lalubar ciki da tafin hannu, mu gane ina kai, ina baya, ina ɗuwawu. Muka koyi auna buɗewar mahaifa da yatsu, da tare kan jariri don kada ya faso da ƙarfi ya yaga uwarsa, da zare cibiya in ta naɗe wuya, da duba mabiyiya gaba da baya kamar mai sayen atamfa, kada wani yanki ya saura a ciki ya jawo zubar jini. Wannan duk bai ba ni wuya ba. Abin da ya ba mu wuya, mu tsofaffin nas, shi ne jira.

Malama takan ce, "Ku hannunku ƙaiƙayi yake yi. Kun saba in kun ga ciwo ku kashe shi. Wannan ba ciwo ba ne, aiki ne, kuma ba naku ba ne. Ku zauna a kan hannuwanku."

Wata rana wata a cikinmu ta tambaye ta yadda za a yi da matan da ke zagi. Malama ta cire tabarau ta goge. Ta ce an kira ta mayya a harsunan da ba ta ma san sunansu ba. Ta ce abin da mace ta faɗa a kan gadon nan, a haɗa shi da sauran abin da ya fito daga jikinta, a zuba a bokiti, a kai waje. Na ɗauki wannan magana da muhimmanci, irin na ɗalibar da ta girmi ajinta. Sai daga baya na lura cewa darasin rabi ne. Ya faɗi abin da ungozoma za ta yi da maganar. Bai faɗi abin da mai maganar za ta yi da ita ba. Malama ba ta da laifi, ba ta taɓa zama ƙofa da ƙofa da waɗanda ta karɓa ba.

Da lokacin aikin gwaji ya zo, na roƙa a tura ni asibitin da ke kusa da unguwarmu. Na je ranar farko ina tsammanin za a yi mini guɗa. A wajen awon ciki, layi biyu ne, nawa da na wata Madam 'yar ƙabilar Ga mai kaifin baki. Ina kallo matan da na sani, waɗanda muka yi makarantar allo tare, suna gaishe ni da fara'a suna zamewa zuwa ɗaya layin. Da abin ya ishe ni, na tare wata maƙwabciyarmu mai sayar da turare a bakin famfo.

Ta ce, "Anti Nas, wallahi ba don komai ba. Ke muna haɗuwa a biki, muna haɗuwa a ta'aziyya. Waccan kuwa in na zage ta ba ta ji, in ta zage ni rabi nake ji, mu rabu lafiya. Ke in na kira sunan uban yaran nan na haɗa da na kakarsa, gobe da wane ido zan sayar miki da humra?"

A nan na gane abin da shekarun tafinta ba su nuna mini ba. A wajenmu ana son mace ta yi naƙuda shiru. In ta yi kuka, za a yi mata gori har ɗan ya yi gemu. To matan Zango sun daɗe da samo mafita. Su je asibiti, su yi ihunsu da Hausa a gaban waɗanda ba sa ji, su zazzage duk abin da ke cikinsu, su dawo gida a ce sannu da dauriya. Wannan 'yar kafar ce ni na yi karatu na zo in toshe. Baƙi sababbin zuwa, waɗanda ba su san uwata ba, su ne suka riƙa zuwa wurina, kuma sun ji daɗina. Na gida kuwa sai gaisuwa.

Ƙawata ce kawai ba ta sauya layi ba. Ta cika alkawari, ta yi ciki. Na gane tun daga tafiyarta da yadda ta daina shan ƙamshin man suya, amma na yi shiru ina jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba sai da zane ya daina rufewa.

"Ga cikin gwajinki nan. Kada ki faɗi jarrabawa a kaina."

"Me ya sa sai yanzu?"

"Kunya mana. Da girmana."

Na karɓi wannan amsa. Ni na yi mata awo har watanta ya kama. Da sauran mata suka ce mata ta yi wauta, ta ce ita ba ta da abin ɓoyewa, wadda ta san ta tun tana fitsarin kwance me ya rage ta gani?

Naƙudar ta zo ranar Juma'a da hantsi, bayan ta sayar da kokonta ta wanke tukunya. Da na laluba na ji abin da ba na so. Bayan jaririn yana jingine da bayan uwar, fuskarsa tana kallon gaba. Irin wannan kwanciya ba ta cika kisa ba, amma tana jan lokaci, kuma ciwon a gadon baya yake zama kamar ana sara. Madam 'yar Ga ita ke duba aikina ranar. Ta laluba ita ma, ta gyaɗa kai, ta koma kujerarta ta ce in ci gaba.

Da farko salati take yi. Muna jin huɗuba daga lasifikar masallacin bayan asibiti, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na sa ta durƙusa, ina murza mata baya da tushen hannu yadda aka koya mana, ina saurarar bugun zuciyar ɗan lokaci bayan lokaci. Bayan an sauko daga masallaci ta koma kan direba. Ta faɗi abin da ta faɗa game da shi da motarsa da albasarsa, na danne dariya, na ce a raina wannan za mu sha labarinsa a bakin murhu.

Wajen la'asar ta daina ganina. Idonta yana kaina amma wata take kallo. Na sa safar hannu zan duba ta, sai ta kama wuyan hannuna.

"Kada ki taɓa mini ɗa."

"Ni ce, ƙawa. Dubawa zan yi."

"Na san ke ce. Kira waccan. Waccan ta haihu, ta san abin da nake ji. Ke a roba kika koya."

Na ce, "To, ja numfashi."

"Duk cikin da na yi sai na ɓoye miki. Duka. Hajiya ta ce idon wadda ba ta samu ba yana da nauyi, ko ba ta yi niyya ba. Na ce ƙarya ne, amma na ɓoye. Kin ji? Na ɓoye." Ciwon ya taso ya tsayar da ita, ya sake ta. "Yaran da nake ba ki ki goya, kin ɗauka don me? Tausayi ne. In ga kin zauna kina kallonsu kamar mai kallon abinci. Na gaji da tausayinki. Shekara da shekaru ina ɗauke da ke. Na gaji!"

Madam ta ɗago kai daga kujerarta. Hausarta ba ta wuce ta cinikin tumatir ba. Ta tambaye ni da Turanci me take cewa.

Na ce, "Ta ce bayanta yana ciwo."

Madam ta ce ai dole, ta ce in gaya mata ta kusa.

Na gaya mata ta kusa. A duk shekarun da na yi ina tafinta, ban taɓa yin fassarar da ta gamsar da kowa kamar wannan ba.

Kan ya juya da kansa daga ƙarshe, kamar yadda littafi ya ce yakan yi in an yi haƙuri. Na ce ta yi nishi, ta yi. Na ce ta tsaya ta yi haki, ta tsaya. Na tare kan da tafin hannu ya fito a hankali, na laluba wuya na ji cibiya, na zare ta ta saman kai. Mace ce. Ta yi kuka tun kafin in gama goge ta. Uwar ba ta ƙaru ba ko kaɗan, mabiyiya ta fito cikakkiya, jini bai wuce ƙima ba. Madam ta dafa kafaɗata ta ce hannuna yana da kyau, kuma ita ba mai yabo ba ce. Ban taɓa karɓar haihuwa mai tsabta kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Na ɗora yarinyar a ƙirjin uwarta na ce, "Sannu, ƙawa. Barka."

Ta rungume 'yarta, ta juya fuska ga bango. Wasu matan sukan manta abin da suka faɗa. Daga yadda ta juya na san ita ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Na yi niyyar bin darasin Malama, kuma na gwada. A kwanakin jego ina shiga in duba cibiya, in taɓa mararta, in tambayi jini. Tana amsa mini da ladabi. A rana ta uku ko ta huɗu na ji ta ce, "An gode, Anti Nas." Sunan da duk unguwa ke kirana da shi ke nan, amma daga bakinta ban taɓa ji ba. Na jira Hajiya ta fita ɗora ruwan wanka, na ce mata an koya mana cewa maganar naƙuda ba magana ba ce.

Ta ce, "Na yi wata magana ne?"

"A'a. Zafi ne kawai."

"Zafi ne," in ji ta, tana gyara wa yarinyar hula.

Mu duka biyu mun san zafi yana ɓalle murfi ne kawai, ba shi ke zuba abin da ke cikin tukunya ba. Ni kuma na san wani abu da ba ta ba ni damar faɗa ba: wadda ta share mini ɗaki da wadda ta gaji da ni mutum ɗaya ce, kuma da an tambaye ni, da na zauna da su duka biyun. Ita ce ba ta iya zama da ni, wadda na ji maganar.

A sunan 'ya'yanta na baya, ni ce a ƙuryar ɗaki. Ni ke ɗaura mata ɗankwali, ni ke riƙe makullin akwati, ni ke korar yara daga kan gado. Wannan karon da na fito da ankona, sai wata ƙanwar mijin ta tare ni da murmushi ta kai ni ƙarƙashin rumfar da aka kafa a titi, ta zaunar da ni a sahun gaba tsakanin hajiyoyi. Aka kawo mini lemo mai sanyi a kan faranti. Ban taɓa ganin girmamawa mai nisa da ƙofar ɗaki kamar wannan ba.

Bayan an ci an sha, sai ga Hajiya da kanta ɗauke da babban tire an rufe da kyalle. Ta dire shi a gabana ta yaye. Kan ragon suna ne da ƙafafunsa, da sabulu, da goro, da turmin atamfa.

Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ga haƙƙin ungozoma. Allah ya yi albarka, Allah ya ba da lada."

Mata suka ce amin, wata ta rangaɗa guɗa. Tsohuwar al'ada ce, a da can kan rago da ƙafafu na wadda ta yanke cibiya ne. Amma tun da haihuwa ta koma asibiti ba wanda ya ƙara yin ta a gidanmu. Wa zai ɗauki kan rago ya bi Madam da shi ɗakin awo? Na ce wa Hajiya a hankali ai da ba a wahala ba, ni ta gida ce.

Ta ce, "Ni ma haka na ce. Mai jego ce ta dage, ta ce kada a bar ki da haƙƙi a kanmu."

Na yi godiya yadda ya kamata. Ƙawa ba a biyan ta, shi ya sa ba a iya sallamarta. Ungozoma kuwa ana biya.

Na ci jarrabawata a ƙarshen shekarar. Har yau ina karɓar haihuwa, har yau muna gida ɗaya, kuma ba mu taɓa yin faɗa ba. Muna gaisawa cikakkiyar gaisuwa, da tambayar gajiya da kwanan yara, irin wadda ake yi da surukai. In an yi rasuwa muna zama tabarma ɗaya.

Ranar sunan da yamma na hura gawayi a ƙofar ɗakinmu na babbake kan. Uwata tana zaune a kan kujerarta tana kallona, sai ta ce in kankare bayan kunnen da kyau, nan gashi yake ɓuya. Muka yi farfesu. Ya yi daɗi ƙwarai, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Washegari na wanke tiren na goge, na zuba 'yan dabino a ciki don kada ya koma wayam, na ratsa tsakar gida. Da na isa ƙofarta sai na ji bakina ya yi sallama, na tsaya ina jiran izini. Ta amsa daga ciki. Ta ce tana ba yarinya nono, in ajiye a nan bakin ƙofa, za a ɗauka.

Na ajiye.